Ina son koyon haɗa sola, Baba ya ce digiri ya tura ni yi

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku a jami'a, ina karanta fannin tattalin arziki, saura mini shekara ɗaya da 'yan watanni in gama. Jami'armu ta buɗe cibiyar koyar da sana'o'i, an ce kowace ɗaliba ta zaɓi guda ɗaya ta yi kwas na mako takwas a ba ta takardar shaida. Akwai ɗinki, haɗa sabulu da man shafawa, kwalliya, saƙa, kwamfuta, gyaran waya da haɗa wutar sola. Ni tun ina ƙarama nake son taɓa kayan wuta, ko soket ne ya lalace a gida ni nake gyarawa, shi ya sa raina ya kwanta da sola. Da na faɗa wa Baba sai ya ɓata rai, ya ce shi digiri ya tura ni yi, bai sha wahalar biyan kuɗin makaranta don in ƙare a kan rufin gidajen mutane ba, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Mama ta ce in dai dole ne to in yi ɗinki, sana'ar da mace za ta yi a ɗakinta ko bayan aure. Ƙawayena duk sun rubuta sunansu a sabulu, suna mini dariya wai zan zama ni kaɗai mace a cikin maza. Ga yayata shekara uku da gama karatu tana zaune babu aiki, abin yana ba ni tsoro. Ina da 'yan kuɗin tallafin karatu da na tara, ina tunanin in sari kayan sola da su in fara sayarwa. Mako biyu aka ba mu mu yi rajista. Don Allah me zan yi?

Amsa

Wa'alaikumus salam, 'yata. Ki rubuta sunanki a sola, amma sai bayan kin koma wurin Baba da magana mai tsari fiye da ta farko, kuma kada ki taɓa kuɗin nan tukuna. Amsar ke nan a dunƙule. Abin da ya rage dalilai ne, da wata tambaya da ba ki yi ba, wadda a ganina ta fi zaɓin kwas ɗin nauyi.

Tambayar ita ce: mako takwas yana mayar da mutum mai sana'a? Ba ya mayarwa. Ko sola kika ɗauka, ko ɗinki, ko sabulu, abin da za ki fito da shi bayan mako takwas shi ne sanin sunayen kayan aiki, ɗan taɓa su sau biyu ko uku, da takarda mai hatimi. A shekarar 2017 wani masanin tattalin arziki na Bankin Duniya, David McKenzie, ya tattara sakamakon gwaje-gwajen da aka yi kan shirye-shiryen koyar da sana'o'i a ƙasashe masu tasowa. Abin da ya tarar shi ne, a matsakaici, cikin mutum 100 da aka horar, kusan mutum 2 ne suka sami aikin da ba don horon ba da ba su samu ba. Ki lura, ba a ce sana'a ba ta da amfani ba. Gajeren kwas shi kaɗai, wanda babu shago a bayansa, babu maigidan da zai koyar da aiki, babu masu saye da ke jira, shi ne mai ɗan ƙaramin tasiri. Jamus da ake yawan buga misali da ita a harkar koyon sana'a, mai koyo yakan yi shekara biyu zuwa uku da rabi, kwana uku ko huɗu na kowane mako a wurin aiki na gaske, kwana ɗaya ko biyu a aji, kuma ana biyansa yana koyo. Sana'o'i sama da 300 ne ake koya a haka. Su da suka fi mu kayan aiki ba su yarda makonni sun isa ba. Don haka ki ɗauki kwas ɗin cibiyar a matsayin ƙofar shiga. Koyon na gaske yana hannun wanda ke cin abinci da sana'ar, kuma zan dawo kansa.

Yanzu batun wadda za ki zaɓa. Ke da kike aji uku a tattalin arziki ba sai na faɗa miki abin da ke faruwa da farashi ba idan masu sayarwa suka ƙaru, masu saye suna nan yadda suke. Ƙawayenki duka a sabulu, 'yan ajin da suka gabace ku ma sabulu, na bayanku haka. Rana ɗaya za a ba su takarda, abu ɗaya za su haɗa, kuma kasuwar kowacce ita ce 'yan uwanta da maƙwabtanta, waɗanda su ma akwai mai sabulu a gidansu. Abin da ake iya koya cikin kwana uku kowa zai iya koyonsa cikin kwana uku, kuma abin da kowa ya iya ba a biyansa da tsada. Ina jin haushin yadda masu shirya irin waɗannan cibiyoyi, da zarar an ce a tallafa wa mata, sai hankalinsu ya tafi kan sabulu da duwatsun ado, don su ne masu arahar koyarwa, su ne kuma ke yin kyau a hoto ranar bikin rufewa.

Akwai binciken da masanan Bankin Duniya suka yi a Uganda, aka fitar a 2015, kan matan da suka tsallaka zuwa sana'o'in da maza suka mamaye, irin su walda, kafinta da aikin wutar lantarki. An tarar suna samun kusan abin da mazan ke samu, kuma ninki uku na abin da matan da suka tsaya a sana'o'in mata ke samu. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a ciki shi ne, mafi yawan matan da ba su tsallaka ba ba su ma san akwai wannan tazara ba, suna zaton riba ɗaya ake ci. Dariyar da ƙawayenki ke miki ta rashin wannan labari ce, kada ki riƙe su a zuci. Zamanki ke kaɗai mace a ajin shi ne ma alamar cewa ba a cunkushe wurin ba.

Ba raina ɗinki nake yi ba, kuma Mama ba ta yi kuskure ba da ta kira shi sana'ar rufin asiri. Mace da ta iya zana fatan da kanta, ta iya yanka ba tare da ɓarnar yadi ba, ta iya gyara kekenta, ta kuma iya riƙe alƙawarin rana, ba za ta rasa aiki ba. Sai dai kai wa wannan matsayi shi ma shekaru yake ci, kuma shekarun nan ba sa yiwuwa ga wanda ransa ba ya wurin. Ke kin faɗa da bakinki, soket kike kwancewa tun kina ƙarama. Wadda aka tura ɗinki tana hangen waya da sukurdireba, keken nata a ƙarshe wurin ajiye kaya yake zama.

Ita solar kuwa kasuwarta tana gaba. Farashin farantan sola a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, shi ya sa abin da a da sai manyan ma'aikatu yanzu ya shigo gidaje da ƙananan shaguna. A Afirka kudu da Sahara kaɗai kimanin mutum miliyan 600 ne ba su da wutar lantarki, ban da waɗanda ke da layi amma wutar sai ta ga dama. Hukumar makamashi mai sabuntawa ta duniya, IRENA, ta fitar da rahoto a 2022 cewa mata su ne kashi 40 cikin 100 na ma'aikatan harkar sola, amma a cikin masu hawa su haɗa, kashi 12 ne kawai. In kuma wani ya ce miki aikin ya fi ƙarfin mace, ki ba shi labarin Barefoot College da ke Tilonia a jihar Rajasthan ta Indiya, inda ake ɗauko matan karkara daga ƙasashe daban-daban, da yawansu kakanni ne da ba su iya karatu ba, a koya musu haɗa sola da gyaranta cikin wata shida, su koma su haskaka ƙauyukansu. Ki riƙe adadin: wata shida suna aiki da hannu kullum, ba mako takwas ba.

Bari in nuna miki inda karatunki zai ba ki fifiko, don wannan shi ne abin da za ki kai wa Baba. Mafi yawan solar da ke mutuwa cikin shekara ɗaya ko biyu ba hawa rufi ne ya gagari mai haɗawa ba, lissafi ne. Ɗauki gida mai ƙwan fitila 5 masu wat 10 kowanne, ana kunna su awa 6: wat-awa 300 ke nan. Fanka mai wat 60 na awa 8, 480. Talabijin mai wat 80 na awa 4, 320. Jimilla 1,100 a rana. Mai gida ya sayo batir mai bolt 12 da amf-awa 200, wanda a takarda yake ɗauke da wat-awa 2,400, sai ya ga ai har da rara. Amma batirin dalma, ko na ruwa ko na rufe, ba a so a riƙa zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba kwanansa ya gajarta. Saura 1,200. Inbata kuma, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, tana cin nata kason wajen juya wutar, kusan kashi 10 cikin 100 ko fiye, don haka abin da gidan ke buƙata daga batirin ya haura 1,200. Ga shi tun ba a sa cajin waya ba an riga an shiga bashi. Faranti mai wat 300, a wurin da ake samun kamar awa 5 na rana mai ƙarfi, a takarda 1,500 ne, amma zafi da ƙura da asarar waya da ta caji za su iya cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Batirin ba zai riƙa cika ba, kullum ana zuƙarsa, bayan 'yan watanni a ce kayan jabu ne. Wanda ya iya zama da biro ya yi wannan lissafi, ya gaya wa mai gida gaskiya cewa ko ya ƙara faranti ko ya rage awannin fanka, ya bayyana masa dalilin da batirin litiyam ya fi tsada a saye amma ana iya zuƙar kashi 80 nasa ko fiye kuma ya fi daɗewa, ya san lokacin da kwanturola (na'urar daidaita cajin batir daga faranti) samfurin MPPT ta cancanci kuɗinta a kan samfurin PWM, wannan shi ne ake nema, shi ne kuma ke ɗaukar masu hawa rufi aiki. Ƙididdigar tsada da riba ta tsawon shekaru ai ita kike karantawa a aji. Digirin da solar a hannunki abu ɗaya za su zama.

To, Baba. Kada ki ji maganarsa a matsayin ƙiyayya ga abin da kike so. Mutumin da ya shekara uku yana biyan kuɗin makaranta, ga wata 'yar tasa a zaune da takardunta, tsoro biyu ne ke cinsa: kada ki saki karatun da ya kusa nuna, da kuma kada mutuncinki ya taɓu a cikin maza da kan rufin mutane. Duka biyun tsoro ne na uba nagari, kuma duka suna da amsa. Kin je masa da “ina so”, shi ya sa ya amsa miki da karin magana. Ki koma masa da takarda a hannu. Ki lissafa kayan wutar gidanku kamar yadda na yi a sama, ki nuna masa girman farantin da batirin da gidan zai buƙata. Ki nuna masa sakamakonki na zangon da ya wuce, ki ce masa: “Baba, ga makina. In ya sauka ƙasa da haka a zango mai zuwa, ni da kaina zan ajiye solar har sai na gama.” Sharaɗin da kika ɗora wa kanki ya fi duk wani roƙo shiga kunnen uba. Kada ki kawo sunan yayarki a matsayin hujja, ko a gabanta ko a bayanta. Ciwo ne a gidan, kuma ita ma ba ta zaɓi zaman ba.

Sannan ki roƙe shi abu ɗaya: shi ya nemo miki maigidan da za ki koya a wurinsa, ko in ke kika samo, shi ya je ya gan shi ido da ido. A binciken nan na Uganda, matan da suka tsallaka galibi wani namiji ne na kusa, sau da yawa uba ko ɗan uwa, ya nuna musu hanya ko ya haɗa su da wurin koyo. Uban da ya kai 'yarsa shago da ƙafarsa ya zama mai tsaron sana'ar, kuma duk yaran shagon sun san akwai wanda zai zo ya tambaya. In kin san ba za ki iya wannan zama ke kaɗai ba, ki fara shawo kan Mama, ko ki nemi kawu ko wani babba da Baba ke jin nauyinsa. Ita Mama ki gaya mata cewa rabin wannan aiki a zaune ake yinsa: lissafin kaya, rubuta ƙiyasin kuɗi, gyaran fitilu da ƙananan na'urori, bin diddigin kwastomomi ta waya. Kuma mata da yawa sun fi sakin jiki idan mace ce ta shigo musu gida aiki, ta tsaya ta koya musu yadda ake kula da batir ba tare da gadara ba. Wannan kasuwa ce da abokan karatunki maza ba za su iya ƙwace miki ba.

Wajen zaɓen maigida kada ki duba girman allon shago. Ki tambayi yara nawa ya yaye, ina suke yanzu, su ma suna aiki? Ki tambayi kwastoman da ya yi wa aiki shekara biyu da suka wuce, wutar tana nan? Ki lura ko yana barin yaransa su riƙe mita su gwada da kansu, ko aikinsu ɗaukar tsani da aike ne kawai. A rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce: ranakun zuwa, lokacin tashi, abin da za a koya, tsawon lokaci, da cewa ba za a tura ki aiki wani gari ko gidan da ba kowa ke kaɗai ba. In za ki iya jan ƙawa ɗaya daga layin sabulu ku zama biyu, ya fi, ko don tafiya da dawowa. Kuma ki sa wannan a ranki tun yanzu: ranar da maigida ko wani yaronsa ya fara wasan da bai dace ba, ko saƙon dare, ko taɓa jiki da sunan nuna aiki, ranar za ki faɗa a gida, ba sai ya maimaita ba. Yawancin 'yan mata kan yi shiru ne don tsoron kada a ce “ai dama mun faɗa”, a hana su sana'ar gaba ɗaya. Ki cire wannan tsoro tun a zaman farko da Baba, ku yarda cewa in wuri ya ɓaci wurin za a canza, koyon ya ci gaba.

Irin waɗannan tambayoyi su za ki yi wa cibiyar jami'ar ma. Mai koyarwar yana aikin sola a waje ko daga littafi yake karantowa? Ɗalibai nawa ne a kan mita ɗaya? In mutum arba'in ne ke kallon faranti ɗaya, to ki zama cikin masu zuwa da wuri su tsaya gaba, ki kuma zama mai cewa “Malam a ba ni in gwada”. A aji mai maza da yawa abin da ke faruwa shi ne a miƙa wa mace biro ta riƙa rubuta sakamako, maza na riƙe da waya. Kada ki karɓi biron kullum.

Tsoron Baba na rufi da wuta yana da tushe, gara ki san haɗarin da sunansa. Farantin sola ba shi da makunni: muddin haske na dukansa yana fitar da wuta, kuma in an jera da yawa ƙarfin yakan kai ɗaruruwan bolt. Wutarsa irin ta batir ce mai tafiya hanya ɗaya, in ta yi tartsatsi ba ta saurin mutuwa kamar ta layi, shi ya sa ba a cire mahaɗin waya alhali kaya na jan wuta. Batir kuwa ko mai bolt 12 ne, in sifana ta haɗa kawunansa biyu zai iya narkar da ƙarfe, don haka zobe, awarwaro da agogon ƙarfe duk a cire kafin a matso. Batirin ruwa yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, ba a kulle shi a ɗakin da iska ba ta shiga, ba a kuma kunna ashana kusa da shi. A yawancin kwanturola batir ake fara haɗawa kafin faranti. Tufafi masu yalwa da mayafi a ɗaure su tsaf kusa da injin huda da kan tsani, a sa takalmi mai rufi da roba a ƙasa. Ba a hawa rufi da ruwan sama ko raɓa, ba a hawa babu mai riƙe tsani. Maigidan da ya yi wa waɗannan dariya ba wurin koyo ba ne. Haka nan ƙasashe da yawa suna da dokar cewa sai mai lasisi ne zai ja wayar gida ko ya haɗa da layin wuta, don haka ki tambayi malaman cibiyar wace jarrabawar ƙwarewa ce hukuma ta amince da ita a inda kike, ki sa ta a gaba. Wannan takardar ta fi ta mako takwas daraja nesa ba kusa ba.

Batun lokaci gajere ne. Cikin zango, yini ɗaya a mako ya isa, kuma mako huɗu kafin jarrabawa ki ajiye kayan aiki gaba ɗaya. Dogon hutu shi ne na shago, kullum, daga safe zuwa lokacin tashi. Shekarar ƙarshe akwai kundin bincike, kuma in kina da wayo ki nemi malaminki ya yarda ki rubuta shi a kan wani abu da ya shafi sola, misali kwatanta abin da ƙaramin shago ke kashewa a janareta da abin da zai kashe a sola cikin shekara biyar. Kin ga duk shagon da kika shiga tambaya don bincike, gobe ya san fuskarki.

Kuɗin tallafin nan kuwa, kada ki sari kaya. Ba ki san na kirki da na jabu ba tukuna, ba ki san wanne ke tafiya ba, batir kuma ko a ajiye yake yana lalacewa, farashin faranti yana iya sauka kayanki na jibge. Abin da za ki saya shi ne kayan hannunki: mitar gwaji mai kyau, sukurdirebobi masu rufin roba, filaya, abin feɗe waya, safar hannu, da littafin da za ki riƙa rubuta duk aikin da kika je da abin da aka haɗa da matsalar da aka samu. Sauran kuɗin su zauna a asusun da ba shi ne na kashewar yau da kullum ba. Ina faɗin haka ne da dalili. A wani gwaji da aka fara a Sri Lanka a 2005, an ba masu ƙananan sana'o'i tallafin jari, ribar maza ta ƙaru sosai, ta mata kuwa kusan ba ta motsa ba. Da wasu masana suka sake duba irin waɗannan alƙaluma daga baya, sai suka ga sau da yawa kuɗin matar sana'ar mijinta ko wani na gidan suke komawa. Kuɗin da ke hannun mace kowa yana da buƙatar da ta fi tata gaggawa, kuma kunya ba ta barin ta ce a'a. Mitar gwaji kuwa ba mai cewa a ranta masa ita ya biya bashi.

Aikin farko ki yi shi a gida, ƙarami: faranti ɗaya, ƙaramin batir, fitila biyu da wurin cajin waya, maigidanki ya zo ya duba kafin a kunna. Na biyu da na uku ga 'yan uwa, su sayi kaya, ke ki karɓi ladan aiki ko da kaɗan ne, kada ki fara da kyauta don wanda aka yi wa kyauta sau ɗaya ba ya ƙara biya. Ki ɗauki hoton kowane aiki, ki koma bayan wata guda ki gwada batirin ba tare da an kira ki ba. A Lome ta ƙasar Togo an gwada horo iri biyu a kan masu ƙananan sana'o'i kimanin 1,500, aka fitar da sakamakon a 2017. Waɗanda aka koya wa darussan kasuwanci da aka saba ribarsu ta ƙaru da kashi 11 cikin 100, ƙarin da masu binciken ma ba su iya tabbatar da shi ba. Waɗanda aka koya wa fara abu da kansu, neman kwastoma tun bai zo ba, hango matsala kafin ta faru, tasu ta ƙaru da kashi 30. Komawar nan da za ki yi ki duba batir ba a kira ki ba, irin wannan hali ne.

In kuma kin yi duk wannan Baba ya ce a'a, kada ki yi rajista a ɓoye. Wutar lantarki ba abin koyo a ɓoye ba ce, kuma ranar da ya gane, maganar za ta tashi daga sola ta koma amana, wadda ta fi wuyar gyara. Ki ɗauki kwamfuta a wannan zagayen, ki ƙware a manhajar lissafi ta Excel har ki iya gina jadawalin da za a zuba kayan wutar gida ya fitar da girman faranti da batir da kuɗinsu. Ki nemi izinin malamin sola ki riƙa zama a darussan aji, ki yi kundinki a kan sola kamar yadda na ce, sannan ki sake ɗaga maganar shagon idan sakamakon zango ya fito kin kai masa shi a hannu. Mako biyun da aka ba ku na rajistar wannan zagaye ne kawai, ki tambayi cibiyar yaushe za a buɗe na gaba, ki kuma tambaya ko ana barin wadda ta gama kwas ɗaya ta dawo ta yi wani.